Hannun wa mota marar direba za ta bi?

A watan Fabrairun 2019 kamfanin Waymo, mai harkar motoci marasa direba, ya fitar da wani gajeren bidiyo da aka ɗauka a garin Tempe na jihar Arizona a Amurka. Danjar wata mararraba ta mutu, sai ɗan sanda ya tsaya a tsakiyar titi yana ba da hannu. Motar kamfanin, wadda kwamfuta ke tuƙawa, ta iso ta tsaya, motocin ɗaya ɓangaren suka yi ta wucewa, har ɗan sandan ya juyo ya yafito ta, sannan ta ja ta wuce. Abin da sabon direba yake yi ba tare da ya tsaya tunani ba, shi ne kamfani mai biliyoyin daloli ya ga ya isa a nuna wa duniya. Kuma ya isa ɗin, domin aikin ya fi yadda ake zato wuya.

Tun daga lokacin, duk sanda irin wannan bidiyo ya fito sai kan mutane ya rabu. Wasu su ce shi ke nan an gama, tunda mota ta iya karanta hannu me ya rage wa direba? Wasu su ce ai kamfani ne ya zaɓo wanda ya yi masa daɗi, ina sauran wuraren da motar ta ruɗe? Akwai kuma waɗanda ba a cika jin muryarsu ba sai abu ya ɓaci, su ne mutanen da hannun nan ne kayan aikinsu: 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, leburorin gyaran titi, da masu tsallakar da 'yan makaranta. A ganina ƙorafinsu ne ya fi kusa da gindin maganar. Injiniyoyi sun yi nisa wajen koya wa mota gane siffar hannu. Abin da ya rage shi ne duk sauran abin da ke rataye da ɗaga hannu a titi: wa ya ɗaga, wa ya ɗaga wa, yana da hurumin yin haka ko ba shi da shi, kuma idan aka yi biris da shi wuyan wa zai kama.

Dokar hanya da kanta ce ta ɗora hannun mutum a saman komai. Yarjejeniyar Viyana ta 1968 kan zirga-zirgar ababen hawa, wadda ƙasashe da dama suka gina dokokinsu a kai, ta fayyace a sashe na 6 cewa umarnin jami'i mai ba da hannu ya rinjayi danja, ya rinjayi allon gefen titi, ya rinjayi sauran ƙa'idojin hanya. Har alamomin ta bayyana: hannu a miƙe sama yana nufin kowa ya dakata, hannu a miƙe gefe yana tsayar da masu tahowa ta gaban jami'in da ta bayansa. Amurka ba ta cikin wannan yarjejeniya, amma dokokin jihohinta ma haka suke tafiya. Hikimar a fili take. Ana neman hannu ne daidai lokacin da tsari ya rushe: wuta ta ɗauke, an yi haɗari, gobara ta tashi, an haƙa rami, ko jama'a sun ɓarko daga filin wasa. Ke nan mota marar direba tana haɗuwa da hannu ne a wurin da taswirarta ta daina yi mata amfani, wani lokaci ma hannun yana umartar ta da abin da aka gina ta kada ta yi, kamar ta ƙetare jar danja ko ta shiga layin masu tahowa.

To yaya take gani? Motocin Jaguar masu lantarki da Waymo ke amfani da su suna ɗauke da kyamarori 29, da na'urorin rada, da kuma lidar, wata na'ura mai harba hasken lesa ta auna nisan duk abin da hasken ya daka. Daga waɗannan ne kwamfuta ke tantance cewa ga mutum can. A farkon lamari mutum a wurinta akwati ne kawai mai motsi, ga tsayinsa, ga saurinsa, ga inda ya dosa, akwati kuwa ba shi da hannu. Sai aka ƙara wata dabara, inda manhaja ke sa ɗigo a kan gaɓoɓin jiki, kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu da ƙugu da gwiwa da kai, ta haɗa su su ba da zanen ƙwarangwal. Yadda ɗigon nan ke motsawa cikin ɗan lokaci shi ake miƙa wa ƙirƙirarriyar basirar da aka horar da tarin misalai, ita kuma ta yanke cewa wannan tsayarwa ce, wancan kira ne. Google, wanda aikinsa ne ya rikiɗe ya zama Waymo a 2016, ya fara da masu keke: tun 2015 ya yi rajistar mallakar wata fasaha ta gane hannun mai keke idan zai sha kwana.

Cikas na farko shi ne ƙarancin misalai, domin ba kullum mota ke gamuwa da mai ba da hannu ba. Kamfanin Cruise, na General Motors, ya bayyana a 2020 yadda ya aro dabarar masu shirya wasannin kwamfuta: a sanya wa mutane kaya masu ɗauke da na'urori, su yi ta yin alamu a ɗaki ana naɗar motsinsu, da ƙarfi da kasala, da hannu ɗaya da hannu biyu. Saƙonni biyar suka ware: tsaya, wuce, yi dama, yi hagu, sai na biyar, wato motsin da bai shafi mota ba sam, irin na mai ɗaukar kansa hoto ko mai sauke jakar goyo. Na biyar ɗin nan shi ya fi yawa a titi, kuma a cikinsa wahalar take.

Mutum ya tsaya a bakin titi ya ɗaga hannu. Tasi yake tsayarwa? Abokinsa yake gaisarwa a ƙetare? Rana yake karewa? Ko kuwa gargaɗi yake yi cewa akwai yaro a bayan waccan babbar motar? Siffar hannun kusan ɗaya ce. Direba yana rarrabewa ne da abubuwan da ba a hannun suke ba: inda idon mutumin yake kallo, yanayin fuskarsa, kayan jikinsa, abin da direbobin gaba suka yi, hayaƙin da ya hango, ihun da ya ji. Ɗan sanda a mararraba yana iya tsayar da layi ɗaya da hagu yana kiran wani da dama, usur a bakinsa, sannan ya juya baya ya sauke hannu alhali har yanzu nufinsa ku jira. Lebura mai riƙe da allon tsayarwa yana iya sauke shi don ya sha ruwa kawai. Duk direba ya san waɗannan, kuma babu littafin da ya koya masa. Zama cikin mutane ne ya koya masa.

Kuskure a nan rai yake ci. A daren 18 ga Maris 2018, a wannan gari na Tempe, motar gwaji ta Uber ta kaɗe wata mata da ke tsallaka titi tana tura kekenta, ta rasu. Binciken hukumar kula da lafiyar sufuri ta Amurka ya nuna na'urorin motar sun hango ta fiye da daƙiƙa biyar kafin karon, amma manhajar ta yi ta sauya mata suna, yanzu mota, yanzu keke, yanzu abin da ba a sani ba, kuma ba a tsara ta da lissafin cewa mutum zai iya tsallakawa inda babu zanen tsallakawa ba. Ma'aikaciyar da aka zaunar a sitiyari don ta sa ido hankalinta na kan waya. Fasahar ta ci gaba ƙwarai tun daga lokacin, amma wanda ya fara jin labarin motocin nan ta wannan hanya ba bidiyon minti ɗaya ne zai sauya masa ra'ayi ba.

Sai babbar tambaya, ta iko. A ce motar ta gane hannun sarai, ta kuma gane ita ake nufi. Dole ne ta bi? Idan ta bi kowane hannu, to duk wanda ya ga dama zai juya ta. A ƙarshen Satumban 2024 wata mata a birnin San Faransisko na jihar Kalifoniya ta ɗauki bidiyon wasu maza biyu da suka tsaya gaban motar Waymo da ta ɗauko ta, suka hana ta tafiya suna neman lambar wayarta. Motar ta yi abin da aka koya mata, ba ta matsa kan mutum ba, fasinjar kuwa ta zauna a ciki ba ta da ta yi. Da direba ne, da ya danna oda, ko ya yi baya, ko ya daka musu tsawa. Duk wanda ya saba tafiyar dare a manyan hanyoyinmu ya san nauyin irin wannan hukunci. An haska tocila daga nesa, jami'an tsaro ne ko 'yan fashi? Direba yana yanke shawara cikin daƙiƙoƙi da rayukan fasinjoji a wuyansa, kuma wani lokaci ƙin tsayawar ne daidai. Idan kuma aka ce motar ta bi mai kaki kaɗai, ina za a sa mutumin kirki da ya ga haɗari a bayan kwana, ya fito da rigarsa ta gida yana tsayar da motoci don kada wasu su afka? Ita kanta rigar mai ƙyalli ta ma'aikatan titi kowa na iya saye a kasuwa. Ƙarin kyamara ba zai warware wannan ba, domin tambayar ita ce wa ya kamata a yarda da shi, kuma ko mutane ma da ƙyar suke amsa ta.

A San Faransisko ne aka fi gwada haƙurin jama'a. A Afrilun 2022 wani bidiyo ya bazu, ɗan sanda ya tsayar da motar Cruise da ke tafiya da dare ba fitila, ya leƙa ya ga ba kowa, sai motar ta ja ta ƙetare mararraba ta sake tsayawa. Kamfanin ya ce wuri mafi aminci ta nema. Mutane da yawa dariya suka yi. 'Yan kwana-kwana kuwa abin ya fi ƙarfin dariya a wurinsu. A Janairun 2023 sai da ɗaya daga cikinsu ya fasa gilashin gaban wata motar Cruise kafin ta tsaya, tana shirin take tiyon ruwa a wurin gobara. Kafin watan Agustan shekarar, shugabar hukumar kashe gobara ta birnin a lokacin, Jeanine Nicholson, ta ce sun tara rahotanni fiye da 50 na motocin da suka kawo cikas ga aikin gaggawa, wasu sun tare ƙofar tasha, wasu sun kutsa inda aka killace. Ka duba ta fuskar ɗan kwana-kwana. Duk tsawon aikinsa idan ya ɗaga hannu ana tsayawa, idan ba a tsaya ba ya buga gilashi ya yi magana a ja baya. Yanzu ga ƙarfe yana tahowa, babu idon da zai haɗa da nasa, babu kunnen da zai yi wa tsawa, ga gida na cin wuta a bayansa. Fushinsa na wanda aka karɓe wa kayan aiki ne ana tsaka da aiki, kuma ban ga ta inda za a ce bai da hujja ba.

A Yulin 2023 wata ƙungiyar masu fafutukar kare masu tafiya a ƙasa, Safe Street Rebel, ta gano cewa idan aka ɗora robar nan mai tsini ta gyaran titi a kan bonet, motar sai ta ƙame a wurin har sai an zo an cire. Suka yi ta yaɗa dabarar. Kamfanoni suka kira abin ɓarna, kuma tabbas tsayar da mota a tsakiyar titi yana da nasa haɗarin. Amma saƙon da ke ciki ya cancanci a saurara: mutanen gari suna jin an sako musu gwaji a titinsu ba tare da an tambaye su ba. A ranar 10 ga Agusta 2023 hukumar jihar Kalifoniya mai ba da izini ta saurari jama'a na tsawon sa'o'i fiye da shida, sannan ta amince da ƙuri'a 3 da 1 cewa Waymo da Cruise su ɗauki fasinja da kuɗi dare da rana a San Faransisko. Waɗanda suka yi magana a ranar ba layi ɗaya suke ba. Direbobi da ƙungiyoyin ƙwadago sun ji tsoron abincinsu. Makafi da dama sun goyi baya, saboda sun gaji da direban da zai hango karen jagora ya wuce. Wasu masu keken guragu kuma sun ce motocin ba su da wurin shigarsu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa raba mutane gida biyu, masu son ci gaba da masu tsoronsa, zalunci ne ga maganar.

Ba a cika wata biyu da ba da wannan izini ba abin da ake gudu ya faru. A ranar 2 ga Oktoba wani direba ya kaɗe wata mata ya gudu, ta faɗa gaban motar Cruise, motar ta taka burki amma ta hau kanta, sannan ta yi ƙoƙarin komawa gefen titi tana jan matar a ƙarƙashinta kimanin mita shida. Ba ta san akwai mutum a ƙasanta ba. A ranar 24 ga watan hukumar lasisin jihar ta dakatar da kamfanin, tana zarginsa da rashin nuna cikakken bidiyon, kuma a Disamban 2024 General Motors ya janye kuɗinsa daga harkar tasi marar direba gaba ɗaya. A Fabrairun 2024 taron jama'a ya ƙona motar Waymo a unguwar 'yan Sin ta San Faransisko, an kuma ƙona wasu a Los Anjelis a Yunin 2025 lokacin zanga-zangar adawa da kamen baƙin haure. Ƙona mota laifi ne, ba na neman masa uzuri. Sai dai akwai wata fargaba ta gaskiya a ƙarƙashi: motar da ke iya karanta gwiwar hannunka tana ɗaukar hotonka ne, kai da duk wanda ke titin, kuma 'yan sanda a Amurka sun riga sun sha neman bidiyon motocin nan da sammacin kotu.

Ƙungiyar direbobi ta AAA tana auna ra'ayin Amurkawa duk shekara. Masu cewa suna tsoron mota mai tuƙa kanta sun tashi daga kashi 55 cikin 100 a 2022 zuwa kashi 68 a 2023. A 2025 kimanin shida cikin goma ne, masu cewa sun yarda da ita kuwa kashi 13 kacal. A ɗaya gefen, alƙaluman aminci suna da nauyi, kuma rashin adalci ne a ɓoye su. Wani nazari da Waymo ya yi tare da kamfanin inshora na Swiss Re a ƙarshen 2024, a kan tafiyar mil miliyan 25.3, ya samu raguwar kashi 88 a neman diyyar dukiya da kashi 92 a neman diyyar rauni idan aka kwatanta da direbobi mutane. Da hannun kamfanin a cikin nazarin, kuma biranen da yake aiki a lokacin masu sauƙin yanayi ne, amma ko an rage wani abu, abin da ya saura babba ne. Amurka na rasa mutum kusan 40,000 a titi duk shekara, a 2022 masu tafiya a ƙasa kaɗai sun haura 7,500. A duniya Hukumar Lafiya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne. Direban da ba ya maye, ba ya gyangyaɗi, ba ya duba waya, abu ne da duk wanda ya taɓa binne ɗan'uwa saboda haɗarin mota zai so ya gani. Ina cikin masu son abin ya yi nasara, shi ya sa ma nake ganin bai kamata a raina ƙorafin mutane ba.

Me ya sa alƙaluma masu kyau ba su kwantar da hankali ba? Domin ɗaga hannu rabin magana ne, ɗaya rabin amsa ce. Ka ɗaga wa direba hannu, shi kuma ya kalle ka, ya gyaɗa kai ko ya ɗaga yatsa daga kan sitiyari, sai ka san ya gan ka, ka taka. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, mota marar direba kuwa ba ta da fuskar da za a tambaya. An yi ta gwada cike gurbin. A 2017 Ford da jami'ar Virginia Tech sun sa wani mutum ya yi shigar kujerar mota yana tuƙi a ɓoye, don su ga yadda mutane za su fahimci fitilun da aka liƙa a gilashi. A 2018 kamfanin Drive.ai ya sa wa motocinsa a Texas alluna masu rubuta cewa suna jiran ka tsallaka, Jaguar Land Rover kuma ya liƙa wa wasu ƙananan motocin gwaji manyan idanu masu kallon mai tsallakawa. A ƙarshen 2023 Kalifoniya da Nevada suka ba Mercedes izinin gwada wata fitila mai launi tsakanin shuɗi da kore da ke nuna kwamfuta ce ke tuƙi. Kowane kamfani da yarensa, babu wanda aka koyar a makaranta, rubutu kuma ba ya amfanar yaro ko baƙo ko makaho. Bincike da dama sun nuna cewa mai tsallakawa ya fi dogara da motsin motar kanta, ko tana rage gudu da wuri ko ba ta yi, fiye da duk wata fitila. Wannan ya isa ga mai tsallaka titi a ranar lafiya. Bai isa ga jami'in da ke son tabbacin cewa an karɓi umarninsa kafin ya juya baya ya saki ɗaya layin ba.

Kuma hannu ba harshe ɗaya yake yi a ko'ina ba. Tafin hannu a buɗe, yatsu a ware, ana tura shi gaba, a Amurka tsayarwa ce. A Girka zagi ne, a wurinmu ma daƙuwa ce. Bajapane yana yafito mutum da tafin hannu yana kallon ƙasa, kamar yadda muke yi, Ba'amurke kuwa zai iya ɗauka kora ce ko bankwana, kuma a Japan ana koya wa yara su ɗaga hannu sama idan za su tsallaka. Waymo ya fara tattara bayanai a titunan Tokiyo a 2025 da direbobin tasi na gida a sitiyari, ya kuma sanar da shirin shiga Landan. A Ingila idan direba ya ƙyafta maka fitila yawanci hanya ya ba ka, duk da cewa littafin dokar hanyarsu ya ce ba haka ake nufi da ita ba. A Najeriya wannan ƙyaftawar gargaɗi ce, ina tafe kada ka shigo. Motar da ta koyi ɗaya ta yi aiki da shi a wurin ɗayan, karo za a yi.

Ba wanda ke shirin sako tasi marar direba a Kano gobe, inda ɗan KAROTA da mai Adaidaita Sahu da fasinjan da ke nuna unguwarsu da yatsa duk suke magana da hannu lokaci guda. Amma ƙannen wannan fasaha, irin burkin da ke kama kansa idan ya ga mutum, suna shigo mana a cikin motocin da ake sayowa na hannu, kuma da titunan wasu aka horar da su. A farkon 2025 cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka mai gwada lafiyar motoci ta gano cewa biyu daga cikin motoci uku da ta gwada ba su ko rage gudu ba a gaban mutum-mutumin da aka sa wa kaya masu layukan ƙyalli, irin na ma'aikatan titi. Motocin gida ne waɗannan, ba tasi marar direba ba, amma darasin ya shafi kowa: abin da ke sa idon mutum ya gan ka yana iya ruɗa na'ura. Masu bincike a King's College ta Landan kuma sun samu a 2023 cewa manhajojin gano masu tafiya da suka gwada sun fi gane manya fiye da yara da kusan kashi 20. Idan dabarar ta dogara da ganin gwiwar hannu da ƙugu, halal ne mu tambaya yaya take yi da mai babbar riga, da mace cikin dogon hijabi, da mai tallar da hannunta ɗaya ke riƙe da faranti a ka. Kamfani ne ya kamata ya kawo amsa da hujja kafin ya sa motarsa a titin da irin waɗannan mutane ke bi.

Abin da na fi jin tsoro shi ne a juya nauyin ya koma kan mai tafiya a ƙasa. A 2018 Andrew Ng, fitaccen masanin ƙirƙirarriyar basira mai alaƙa da Drive.ai, ya ce ya kamata a roƙi masu tafiya su bi doka su kuma yi la'akari da motocin, maganar da ta jawo masa suka daga wasu masana. An taɓa yin haka. A shekarun 1920 masu harkar mota a Amurka ne suka yi kamfe har tsallaka titi a inda ba a zana ba ya zama laifi, titin da a da na kowa ne ya koma na mota. Sai kwanan nan aka fara warware wannan, Kalifoniya ta sassauta dokar daga farkon 2023, birnin New York ya soke laifin a 2024. Idan gobe aka ce ga alamomi biyar da hukuma ta amince da su, wanda ya yi wata daban shi ya jiyo, to mutum aka horar don a sauƙaƙa wa na'ura, kuma tsoho da yaro da baƙo ne za su fara biyan kuɗin.

A yanzu, idan motar ta rasa gane hannu, tsayawa take yi ta nemi taimakon ma'aikaci a wani ofis mai nisa, wanda ke kallo ta kyamarorinta ya ba ta shawara. Wannan na aiki idan mota ɗaya ce ta rikice. A ranar 20 ga Disamba 2025 gobara a wata tashar lantarki ta jefa gidaje da shaguna kimanin 130,000 cikin duhu a San Faransisko, danjoji suka mutu, motocin Waymo da yawa suka tsaya cirko-cirko a mararrabu, kamfanin ya dakatar da aiki na ɗan lokaci, daga baya ya ce buƙatun neman tabbaci ne suka taru suka yi yawa. Ranar da gari ya fi buƙatar hannu, ranar ce kowace mota ke neman mutum a lokaci guda.

Doka ta fara motsi, amma a hankali. A Satumban 2025 'yan sandan garin San Bruno na Kalifoniya sun tsayar da motar Waymo da ta yi juyin da aka hana, suka rasa wanda za su rubuta wa takardar tara. Dokar da gwamnan Kalifoniya ya sa wa hannu a 2024 ta tanadi cewa daga Yulin 2026 jami'i zai iya rubuta wa kamfanin takardar saɓa doka, dole a samar da layin waya na musamman ga ma'aikatan gaggawa, dole kuma a sa na'urar da jami'in da ke tsaye a gefen mota zai yi magana da mutum kai tsaye. Wannan ya amsa rabin kukan 'yan kwana-kwana. Ya rage a tilasta wa kamfanoni su riƙa bayyana sau nawa motocinsu suka gamu da mai ba da hannu, sau nawa suka bi daidai, sau nawa suka ƙame, sau nawa suka saɓa, a kuma bar wata hukuma mai zaman kanta ta duba, har da gwaji da dare, da ruwan sama, da yara, da tufafi iri-iri. Ya rage a amince da alama guda ɗaya, iri ɗaya a kan kowace mota ko ta wane kamfani ce, mai nuna cewa ta ga hannunka ta kuma karɓa. Dokar ta Kalifoniya ta kula da mai kaki. Uwar da ke tsallakar da yaranta da mutumin da ya fito tsayar da motoci a wurin haɗari har yanzu ba su da layin da za su kira idan suka ɗaga hannu motar ta ci gaba da tahowa.